Kwana Huɗun Malam Yahya a Gyeongju

Duk wanda ya yi noma tsakanin Sandamu da Baure da Babban Mutum a shekarun baya, da wuya a ce bai san Malam Yahya Malamin Gona ba. Dogo ne siriri, mai ɗan ranƙwafawa idan yana tafiya. Shekara talatin da biyu ya yi yana bin ƙauyukan ƙasar Daura a kan wani tsohon babur, da jakar fata a rataye cike da irin gero da na wake, yana nuna wa manoma tazarar shuka da lokacin zuba taki. Tsofaffi kan yi masa tsiya, su ce yaron gwamnati ya zo koya musu abin da suka gada, shi kuma ya yi dariya ya tsuguna ya damƙi ƙasar gonar ya shinshina. Har ya yi furfura ana ce masa yaron gwamnati a wasu ƙauyukan.

Gidansa na cikin birnin Daura, ba nisa da rijiyar Kusugu. Matarsa Haulatu ɗinkin hula take yi, mace ce mai ƙarancin magana. Allah ya ba su 'ya'ya huɗu, ta fari mace, sauran uku maza. Ta farin ya sa mata sunan mahaifiyarsa, Mardiyya, don haka tun ranar suna bai taɓa furta sunan da bakinsa ba. Iya yake ce mata, ko a gaban malaman makarantarsu.

Ita ce ta ɗauko shi. Tun tana 'yar shekara shida take maƙale a bayan babur ɗinsa ranar Asabar, tana riƙe masa jakar iri. A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jihar Katsina tana da shekara goma, wasu dattawan unguwa suka same shi suka ce yarinya ta fara girma, yawo da ita gonaki ya isa haka. Ya saurare su har suka gama, ya yi godiya. Washegari ya shiga kasuwa ya sayo mata dogon hijabi, Asabar ta zagayo ya ɗora ta a babur suka nufi Sandamu.

Da ta shiga jami'a aikin gona ta karanta. Bayan ta gama ta yi hidimar ƙasa, sai ta samu gurbin ƙaro karatu a Koriya ta Kudu, shekara biyu, kan noman shinkafa. Haulatu ba ta so ba. Ta ce ƙasar da ko a labarin alhazai ba ta taɓa jin sunanta ba, ina za a kai mata 'ya? Malam Yahya ya yi mako guda yana lallashinta. Ya ce yarinyar nan za ta dawo da abin da shi bai iya kawo wa mutanen Baure ba a duk shekarunsa na aiki. Haulatu ta yi shiru, aka ɗauki shirun a matsayin yarda. Mardiyya ta tafi a ƙarshen daminar 2014.

Wata biyar da tafiyarta, yana Baure wajen wani taron manoma, wayarsa ta yi ƙara. Ya koma gefe ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya ya ɗauka. Kuka take yi. Ta ce sanyin garin ya shiga ƙashinta, rana tana faɗuwa tun la'asar, abinci ba ya wuce mata, kuma sai ta yi mako ba ta yi Hausa da kowa ba.

“Baba, ina so in dawo gida,” in ji ta.

Ya tsaya yana kallon manoman da ke jiransa. Sannan ya ce, “Iya, ki daure. Abin da ya rage bai kai wanda za ki yi nadamar bari ba. Ki daure saboda ni.”

Ta ce to. Bai faɗa wa Haulatu an yi wannan waya ba.

Ta kuwa daure. Da sanyi ya wuce muryarta ta washe. Wani hutu ta je wani tsohon birni da ake kira Gyeongju tare da ƙawayenta, ta turo masa hotuna har wayarsa ta cika. Ta ce wannan ita ce Daurarsu, nan sarakunansu na farko suka zauna, kuma su ma labarin kafuwar garin a bakin wata rijiya ya fara. Akwai hoton da ta ɗauka a tsakar gidan baƙin da suka sauka, tana tsaye kusa da wasu manyan randuna tana dariya. Ta ce ranar da zai zo bikin kammala karatunta, nan za ta kawo shi su kwana biyu.

Saura wata biyu ta gama, zazzaɓi da ciwon kai suka kama ta. Kwana uku ta yi a asibiti ta rasu, likitoci suka ce sanƙarau ne. Wanda ya kira Malam Yahya shi ne Dokta Harisu, wani Bakatsine da ke koyarwa a wata jami'a a can, shi ne kamar uba ga ɗaliban Arewa. Bayan ya yi masa gaisuwa ya tambaye shi ko a turo gawar gida, wanda zai ɗauki kwanaki da yawa, ko a yi mata sutura a can. Malam Yahya ya ce a yi abin da addini ya ce, kada a ajiye ta. Aka binne ta washegari. A Daura mutane suka yi kwana uku suna zuwa ta'aziyya gidan da ba a fitar da gawa ba. A wannan shekarar ya ajiye aiki.

Bayan shekara guda jami'arta ta aiko da takarda, tana gayyatar iyayenta su zo su karɓi shaidar karatun da ta kusa kammalawa. Haulatu ta ce ƙafafunta ba za su iya tsayuwa a kan kabarin ba, shi ya je ya gano musu. Haka mutumin da bai taɓa wuce Abuja ba ya hau jirgi a watan Oktoba, yana da shekara sittin.

Dokta Harisu ya tarbe shi a Seoul. Aka yi ɗan taron ba da shaida, malamanta suka yi ta sunkuya masa. Washegari suka yi tafiyar awa biyu a mota zuwa maƙabartar Musulmi, a gefen wani tsauni. Ya tsuguna ya yi addu'a mai tsawo, ya share ganyen da ya zubo a kan kabarin da tafin hannunsa. Ko ɗigon hawaye bai zo masa ba, abin har ya ba shi tsoro. A hanyar dawowa ya nuna wa Dokta Harisu hoton nan na randuna, ya ce yana so ya je garin. Dokta Harisu yana da darasi ba zai iya raka shi ba, amma ya binciko gidan, ya kama masa ɗaki, ya gargaɗi matar gidan ta waya game da naman alade, ya rubuta masa adireshin da rubutun Koriya a takarda, ya sa shi a jirgin ƙasa.

Ya isa Gyeongju da yamma. Gidan tsoho ne, na katako, rufinsa baƙi mai lanƙwasa a gefe, ƙofofin ɗakuna da takarda aka liƙe su. Ana cire takalmi a waje, a kwanta a ƙasa kan katifa, ƙasan kuma ɗumi take yi daga ciki. Yana shiga tsakar gidan ya ga randunan, a jere yadda suke a hoton. Ya ajiye jakarsa ya daɗe a tsaye.

Matar gidan 'yar dattijuwa ce mai fara'a, Turancinta kaɗan. Tun kafin ya ga ɗakinsa ya miƙa mata wayar, ya ce wannan 'yarsa ce, ta taɓa sauka a nan. Matar ta sa tabarau ta duba, ta ƙara dubawa, ta matso da wayar kusa da fuskarta. Daga ƙarshe ta girgiza kai a hankali, ta ce baƙi suna da yawa, kullum wasu na zuwa wasu na tafiya, ya yi haƙuri. Ya ce ba komai. Tun daga Daura ya ɗauka cewa baƙar yarinya mai hijabi a irin wannan gari ba a manta ta, ya ma shirya tambayoyin da zai yi: me ta ci, wane ɗaki ta kwana, ko ta yi surutu.

Da safe, bayan gari ya waye, ya fito baranda da sallayarsa zai yi walaha. Yana juya ta yana neman gabas kamar yadda ya saba, sai ya ji an yi masa sallama da Larabci. Wani tsoho ne ɗan Koriya, gajere, sanye da hular hana sallah. Tsohon ya nuna masa wajen faɗuwar rana da hannu, ya ce a nan Makka tana can. Sunansa Pak. Ya ce ya yi shekara takwas a Saudiyya yana aikin gina hanya lokacin ƙuruciyarsa, can ya tsinci Turanci da ɗan Larabci, kuma ya ga Musulmi suna sallah a bakin titi fiye da yadda zai iya ƙirgawa. Daga Seoul yake, duk kaka yakan zo wannan gidan ya yi mako.

Baƙin gidan tare suke karin kumallo, a zaune a ƙasa kewaye da wani gajeren tebur. Aka kawo shinkafa da wata miya, Malam Yahya ya shinshina ya ɗago kai, don ƙamshin daddawa ya ji. Pak ya ce waken suya ne ake ruɓarwa a randunan tsakar gida. Sai kuma Malam Yahya ya lura da bishiyar da ke bakin katanga, ganyenta ya zube, 'ya'yanta jajaye manya kamar tumatir. Ya je ya tsinko ɗaya da ya faɗo, ya fasa, ya duba ƙwallon, ya ce wannan 'yar'uwar kanya ce, a garinsu ba ta wuce girman goro. Hira ta ɓarke. Akwai wata budurwa 'yar Brazil mai suna Luiza, malamar jinya ce da ta ɗauki hutu take yawon ƙasashe ita kaɗai da jaka a baya. Ita ta fi kowa tambaya da dariya. Da ta tambayi Malam Yahya abin da ya kawo shi Koriya, ya ce ziyara, ya ci gaba da cin abincinsa.

Ranar su ukun suka fita tare. A tsakiyar garin akwai wasu tuddai masu santsi, lulluɓe da ciyawa, wasunsu sun fi bene mai hawa uku tsawo. Pak ya ce kaburburan sarakuna ne, sun haura shekara dubu. Yara 'yan makaranta suna gudu a tsakaninsu, iyalai sun shimfiɗa tabarmi suna cin abinci. Malam Yahya yana tafe yana duba wayarsa, yana gane wuraren ɗaya bayan ɗaya: nan ta tsaya, nan ta jingina da bishiya. Suka iso wata tsohuwar hasumiya ta dutse mai siffar rumbu, wadda aka ce masu duban taurari suka gina. Luiza ta miƙa masa wayarta ya ɗauke ta hoto. Ya ɗauka. Tana karɓa ta kira mahaifinta ta bidiyo, tana magana da sauri da yarensu, ta juya wayar ta nuna masa hasumiyar, sannan ta juyo da ita wajen Malam Yahya da Pak don su gaisa. Wani mutum mai sanƙo, da alama daga barci aka tashe shi, ya ɗaga musu hannu yana murmushi.

Malam Yahya ya ɗaga nasa hannun, sannan ya nemi wani benci ya zauna, ya dafe kansa. Da Luiza ta gama ta zo ta durƙusa gabansa, ta kama wuyan hannunsa tana duba bugun jini. Ya janye hannun a hankali, ya ce lafiyarsa lau. Ya buɗe wayarsa ya nuna mata hoton wata yarinya a gaban wannan hasumiyar, ya gaya musu komai a taƙaice, ban da wayar nan ta Baure. Luiza ta kalli hoton ta daɗe. Sannan ta ce, “Yaya sunanta?”

Ya buɗe baki zai ce Iya, sai ya ga ba wanda zai gane. Shekara ashirin da bakwai bai faɗi sunan ba.

“Mardiyya,” in ji shi.

Luiza ta maimaita, ta kasa, ta sake, har sai da ya gyara mata sau biyu. Pak ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Daga nan suka koma gida.

Washegari da hantsi Malam Yahya ya tambayi Pak labarin rijiyar da Mardiyya ta ambata. Pak ya ce ya san wurin, suka hau bas su biyu zuwa bayan gari. Hanyar ta ratsa gonakin shinkafa ana tsakar girbi, wata 'yar ƙaramar na'ura tana yanka tana sussuka a lokaci guda, tsohuwa ɗaya ce kawai ke bin ta. Malam Yahya ya manna fuskarsa da gilashi yana kallo har suka wuce. Wurin rijiyar kuwa fili ne na ciyawa da dogayen itatuwa, da 'yan duwatsu a jere. Ba guga, ba ruwa, ba kowa. Ya yi tunanin Kusugu, inda har gobe ake ja a sha. Suka zauna a kan wani dutse.

Pak ne ya fara magana. Ya ce shi ba ɗan kudu ba ne, a Koriya ta Arewa aka haife shi. Yana da shekara bakwai aka yi yaƙi. Wata safiya mahaifiyarsa ta ɗaura masa ƙullin shinkafa a baya, ta haɗa shi da kawunsa, ta ce su yi gaba, ita da ƙanwarsa jaririya za su biyo su bayan kwana uku. Ya yi kuka ya riƙe zanenta, ta ɓamɓare hannunsa. Aka rufe iyaka. Shekara sittin da bakwai ke nan, bai san ranar da ta mutu ba, bai san inda aka binne ta ba. Ya ce shi ya sa yake zuwa wannan garin, don a nan ko ba ka da naka kabarin za ka samu wanda za ka zauna kusa da shi.

Malam Yahya ya daɗe yana murza wani busasshen ganye. Sannan ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya ce ta kira shi tana kuka, ta roƙe shi ta dawo, ya hana. Ya ce ya san ajali ba ya wuce lokacinsa, shi da kansa ya sha faɗa wa mutane haka a wajen ta'aziyya. Amma da ya ce ta dawo, ko da ajalin ya same ta, da a ɗakin uwarta zai same ta, da hannunsa zai sa ta a ƙasa.

Pak bai ce masa ya yi haƙuri ba. Ya dubi gonakin da ke nesa ya ce, “Ni ne wanda aka ce wa ya tafi. Ban taɓa jin haushinta ba, ko sau ɗaya. Abin da ya dame ni kawai, ban samu hanyar gaya mata na iso ba.”

A nan ne kukan ya zo. Malam Yahya ya rufe fuskarsa da hannun rigarsa, ya yi kuka irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro. Pak ya zauna kusa da shi bai taɓa shi ba. Bas biyu suka wuce su kafin su tashi.

Ranar da zai tafi ya tarar Luiza ta riga shi, ta kama jirgin safe zuwa wani gari a bakin teku. Matar gidan ta rako shi har bakin ƙofa, tana magana Pak yana fassarawa. Ta ce kwana uku tana ta ƙoƙarin tuna yarinyar, ta duba tsofaffin hotunan wayarta kaf, ba ta samu komai ba. Ta ce ta yi tunanin ta ce masa ta tuna don ya ji sanyi, amma ta kasa yi masa ƙarya. Ya yi mata godiya, kuma har zuciyarsa ya yi. Pak ya raka shi tasha, ya riƙe masa jaka duk da ya girme shi, suka yi musafaha ya ce masa fi amanillah da karyayyen Larabcinsa.

Ya iso Daura ranar Laraba bayan la'asar. Da 'yan sannu da zuwa suka watse, ya shiga ɗakin Haulatu ya ajiye mata shaidar karatun a kan gado. Ba ta buɗe ba. Ta tambaye shi ko wurin da aka sa ta akwai inuwa, ya ce akwai itatuwa. Ta tambaya ko akwai Musulmi kusa da ita, ya ce hagu da dama. Ta gyaɗa kai, ta ɗauki hular da take ɗinkawa.

Ya zauna a bakin gadon ya gaya mata maganar wayar Baure, tun daga farko har ƙarshe, idonsa a ƙasa. Allurar ta tsaya a hannunta.

“Na sani, Malam,” in ji ta. “Ni ta fara kira ranar. Na ce mata ta kira ka, duk abin da ka ce shi ke nan. Na san abin da za ka ce.”

Ya ɗago ya kalle ta. Kusan shekara uku suna kwana a gida ɗaya, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu guda. Ta ajiye hular ta kifa kanta a kan gwiwoyinta. Suna nan zaune har aka kira magariba, ya tashi ya yi alwala ya fita.

Malam Yahya yana nan da ransa. Yana da 'yar gona a hanyar Sandamu, yakan je da safe ya dawo kafin azahar, manoma har yanzu suna tare shi a hanya su nuna masa ganyen da tsutsa ta ci. Ya rage hira sosai, kuma in ana labarin ƙasashen waje a majalisa ba ya sa baki. Shi da Pak sun yi shekara biyu suna gaisawa ta waya duk bayan wata biyu ko uku, gaisuwar da ba ta wuce minti uku, yawanci kan ruwan sama da lafiyar gwiwa. Wata rana ya kira, wata murya ta yi magana da yaren Koriya ta kashe. Ya roƙi Dokta Harisu ya gwada lambar. Dokta Harisu ya kira shi bayan kwana biyu ya ce an riga an ba wani layin, kuma mutumin bai san kowa mai suna Pak ba.